Majalisar Gidan Kwamared

Ranar da Sakatariya ta karɓo katin zaɓenta, minti arba'in kacal ya yi a hannunta. Kwana uku ta yi tana bin layi cikin rana, ta sha turi, ta sha taku, kuma hoton da ke jikin katin ya fito da ita kamar wadda aka tasa daga barci da mugun labari. Duk da haka ta faɗo falo tana ɗaga shi sama, bakin nan har kunne.

"Baba, ga shi! Yau ni ma na zama mutum."

Mahaifinta ya sauke jarida, ya gyara zaman tabarau. Kwamared ake ce masa, suna ne da ya bi shi tun yana ɗalibin jami'a, lokacin da ya ja zanga-zangar da ta bar masa tabo a ƙwauri. Duk baƙon da ya zauna gidan nan fiye da minti goma sai an naɗe masa ƙafar wando ya ga tabon. Ya karɓi katin, ya juya shi gaba da baya, ya ce ƙasa ta yi riba. Sannan ya jawo baƙar jakarsa daga ƙarƙashin kujera, ya zaro wani ɗauri da aka naɗe da roba, ya cusa nata a ciki. Da na Mama, da na Yaya, da na matar Yaya, da na Gwaggo, da nasa, ya zama kati shida.

"Nan ne ma'ajiya," in ji shi. "Ku yaran yanzu ko makullin ɗakinku ba kwa iya riƙewa. Ranar zaɓe kowa zai karɓi nasa."

Ta yi dariya, don a ranar abin bai dame ta ba.

A gidan Kwamared ba a ce wa yaro ya yi shiru. Duk Asabar da safe ana zaman majalisa a falo. Shi ne shugaba, cokalin shayi ne gudumarsa, yana ƙwanƙwasa shi a jikin kofi. Komai sai an kawo shi gaban majalisa: launin fentin ƙofa, tashar da za a kalla, wanda ya bar famfo a buɗe. Ana muhawara, a ɗaga hannu, a ƙirga. Tun tana shekara tara aka damƙa mata littafin rubuta bayanan zama, daga nan sunan Sakatariya ya manne mata har asalin sunan ya kwanta. A shafin farko, da rubutunta na yarinta mai karkace, akwai dokar da Baba ya yi mata shifta: ba mai ɗaga hannu a madadin wani. Gaskiya ne cewa Mama takan kalli fuskar mijinta kafin hannunta ya tashi, kuma duk ƙudurin da bai yi wa shugaba daɗi ba akan ɗage shi zuwa zaman da ba ya zuwa. Amma yarinya ba ta lura da irin wannan. Abin da ta ɗauka shi ne mutum yana da hannu, kuma hannun nasa ne.

Da wannan tarbiyya ta shiga jami'a, saboda haka ba abin mamaki ba ne da ita da ƙawarta suka kafa ƙungiyar ɗalibai mai suna Katinka a Hannunka, nan ma ita ce sakatariya. Ƙawar ita ce shugaba, wata doguwa da ake kira Lasifika, don in ta yi raɗa a ɗakin karatu har mai gadin ƙofa yana ji. Aikinsu shi ne bin ɗakunan kwana da azuzuwa suna gaya wa ɗalibai kada su ba kowa katinsu, ko da ɗan siyasa ne, ko saurayi, ko malami. Suka buga fosta, kuma tun da Lasifika ta ce fuskar Sakatariya ta fi kama da ta mutumin kirki, ita aka sa a jiki, tana nuna mai kallo da yatsa. Suka tsayar da ranar gangami, saura mako uku, inda kowane ɗan ƙungiya zai hau matakalar ɗakin karatu ya ɗaga katinsa a ɗauki hoto. Sakatariya da hannunta ta rubuta a tsarin ƙungiya cewa duk shugaban da bai nuna katinsa ba ranar, ya sauka daga muƙaminsa. Har tafa mata aka yi.

Da yamma ta sami Baba yana goge takalmi a baranda.

"Baba, ina son katina. Aron yini ɗaya, hoto kawai za mu ɗauka."

"Hoto?" Ya hura takalmin. "Mu a zamaninmu ba mu san hoto ba, jini muka zubar. Kin ga nan?" Hannunsa ya nufi ƙafar wando.

"Na gani, Baba. Tun ina goye nake gani."

"To ki bari zuwa jibi. Makullin jakar yana wani wandon."

Jakar nan zif gare ta, ba ta da makulli. Sakatariya ta sani, shi ma ya san ta sani. Jibi ta zo, ya ce kansa na ciwo. Bayan kwana biyu ya ce ana yawan fizge a hanyar jami'a. Daga baya ya ce abin da aka ajiye a wurin uba ai yana hannun mai shi ne, bambancin aljihu kawai.

Ta kai kuka wurin Mama a kicin. Mama tana yanka albasa, ba ta ko ɗago ba.

"Ni shekara ashirin da shida ban taɓa kwana da nawa ba. Me ya rage ni da shi? Ranar zaɓe ya ba ni a mota, ya gaya min alamar da zan dangwala, na dangwala, mu dawo lafiya."

"Mama, kuma ba ya damun ki?"

"Albasar nan ma tana damu na, na fasa yankawa ne? Miƙo min murfin can."

Yaya kuwa, da ta tare shi a shagon ɗinkinsa, sai ya cire allura daga baki ya yi ƙasa da murya. Ya ce Ciyaman na jam'iyya ya yi wa Baba alkawarin kujera a kwamitin unguwa, kuma sharaɗin shi ne kowa ya nuna yawan mutanen da ke bayansa. Ya ce Baba tun da ya yi ritaya ba wanda ya kira shi taro, ta bar shi ya ɗan ji iska. Ya ƙara da cewa in abin ya tabbata, shi za a ba ɗinkin rigunan kamfe, amma ba don wannan yake magana ba.

"Na ji, ba don wannan ba," in ji ta.

Ranar Laraba Ciyaman ya zo da kansa. Gajere ne mai tumbi, da waya uku, duk suna ƙara lokaci guda. Da Sakatariya ta shigo da tiren shayi, sai ta tarar Baba ya baje katunan shida a kan tebur kamar mai shirin karta, yana gabatar da su ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan uwargida ce. Wannan babban ɗana, wannan matarsa. Wannan ƙanwata. Duk inda na juya nan suke juyawa, ranka ya daɗe."

Ciyaman ya ɗauki na ƙarshe, ya kalli hoton, ya kalli mai tire. Ya lalubo ɗaya daga cikin wayoyinsa, ya shafa, ya miƙa wa Baba. Fostar ce, ga 'yarsa tana nuna shi da yatsa, ga rubutu ɓaro-ɓaro: Kada ka ba kowa katinka.

"Kwamared, wannan ba ta gida ba ce?"

Baba ya yi wata dariya da ba ta kai ciki ba. "Ƙuruciya ce, ranka ya daɗe. Ka san jini. Ni ma na yi."

"Kai ka yi lokacin da ba ka da abin rasawa," in ji Ciyaman, yana kurɓar shayi. "Sukari ya yi kaɗan, 'yammata."

Tun daga ranar gidan ya canza mata. Baba ya ce daga lacca sai gida, kuma Yaya ne zai riƙa ɗauko ta a babur ƙarfe huɗu daidai, lokacin da ƙungiya ke fara taro. Damin fostar da ta ajiye a ɗakinta ya ɓace, sai ta gan shi an shimfiɗa a kantar kicin, fuskarta a ƙarƙashin gwangwanin gishiri. Da ta yi magana, Baba ya ce shi bai hana ta gwagwarmaya ba, Allah ya kiyaye, shi da ya koya mata. Lokaci ne bai yi ba. Ta bari a gama zaɓe, ta yi ta wayar da kan jama'a har ta gaji.

A makaranta kuma ƙarya ta fara cin ta. Lasifika ta ce kowa ya kawo katinsa a duba kafin ranar, Sakatariya ta ce ta manta shi a wata jaka. Washegari ta ce jakar tana wurin mai gyara. Ita da ba ta iya ƙarya ba, kunnuwanta har zafi suke yi. Wata 'yar aji ɗaya ta tare ta a bakin famfo, ta ce saboda fostarta ta ƙwato katinta daga hannun kawunta, har sun yi kwana biyu ba sa magana. Yarinyar ta rungume ta tana godiya. Sakatariya ta shiga banɗaki ta yi kuka mai isar ta, ta wanke fuska, ta fito ta hau bayan babur ɗin Yaya.

Asabar ɗin da ta rage kafin gangami, ta yanke shawarar bin hanyar da aka koya mata. Kowa ya zauna a falo, Gwaggo da carbinta, matar Yaya tana gyara ɗankwali, Baba ya ƙwanƙwasa cokali.

"Mai girma shugaba, ina da ƙuduri."

Fuskarsa ta washe. Ba abin da yake so irin a kira shi haka. "Majalisa na sauraron Sakatariya."

"Ina neman a mayar wa kowa katinsa yau. Hujjata dokar farko." Ta buɗe littafin, ta karanta da ƙarfi. "Ba mai ɗaga hannu a madadin wani."

Gwaggo ta tsayar da carbi.

"Wannan dokar cikin gida ce," in ji Baba. "Ba ta shafi harkar ƙasa ba."

"To a kaɗa ƙuri'a a gani."

Ta ɗaga hannu. Matar Yaya ta ɗaga nata rabi, Yaya ya yi tari, sai ta mayar da shi sosa kunne. Mama ta kalli mijinta kamar kullum, ta kalli 'yarta, ta bar hannayenta a cinya. Gwaggo ta tambaya ko maganar famfo ake yi.

"Ɗaya," in ji Baba. "Ƙuduri ya faɗi. Kuma ko da ya wuce, katunan ba sa nan. Suna ofishin Ciyaman, ana shigar da sunaye. Ana gobe zaɓe zai dawo da su."

"Ka ba shi? Baba, katina ka ba wani?"

"Ajiya na ba shi. Har da nawa a ciki, kin ga kuwa ba cuta. Ke yarinya ce, ba ki san yadda ake shiga a gyara daga ciki ba. Rubuta, an ɗage zama."

Ta rubuta. Har da kwanan wata da komai.

Ranar gangami rana ta fito tas, ɗalibai suka cika gaban ɗakin karatu. Lasifika ta ƙi karɓar makirufo, ta ce ɓata wuta ne. Ta yi jawabi, aka yi ihu, sannan ta ce shugabanni su fara. Ɗaya bayan ɗaya suka hau matakala suna ɗaga kati. Aka zo kan Sakatariya. Tun safe take shirya ƙaryar da za ta yi, har ta samu mai kyau: an fizge mata jaka a hanya. Ta hau, ta kalli taron, sai ta hango 'yar aji ɗayan nan a gaba tana ɗaga katinta da hannu biyu. Ƙaryar ta maƙale.

Ta ɗaga hannu, ba komai a ciki.

"Ba ni da shi," in ji ta. "Minti arba'in ya yi a hannuna. Babana ya karɓa, ya ba wani ɗan siyasa. Mako uku ina gaya muku kada ku ba kowa, alhali ban iya karɓo nawa daga falonmu ba."

Wani daga baya ya yi fito, wasu suka yi dariya, wani ya ce a sauke fostar. Lasifika ta matso, kuma karon farko a rayuwarta ta yi maganar da mutum ɗaya kaɗai ya ji.

"Me ya hana ki gaya min?"

"Kunya."

"Kin san dokar. Ke kika rubuta ta."

"Na sani." Ta miƙa mata littafin ƙungiya, ta sauko.

A gindin matakala wasu 'yammata uku da wani dogon saurayi ɗan ajin ƙarshe suka biyo ta, kowa yana kallon gefe. Ɗaya ta ce nata yana wurin mijin yayarta. Saurayin ya ce nasa yana durowar mahaifiyarsa, kuma don Allah kada a gaya wa kowa. Ta rubuta sunayensu a bayan takardar lacca, don hannunta ya saba.

Kafin Yaya ya iso da babur, bidiyon jawabinta da wani ya ɗauka ya riga ta zuwa gida. Baba yana tsaye a baranda da waya a hannu.

"Ni za ki tona wa asiri a gaban duniya? Ni da na koya miki magana?"

"Abin da ka koya min na yi, Baba."

"Na koya miki ki faɗa wa gwamnati gaskiya. Ban ce ni ba!"

Kwana tara bai amsa gaisuwarta ba. In yana son gishiri a tebur sai ya ce wa Mama ta gaya wa mai bidiyo ta miƙo. Gwaggo ta ce 'yar yau ba ta da ta ido. Yaya ya ce ta jawo masa asarar ɗinki, ko da yake ba don wannan yake fushi ba.

Saura kwana huɗu zaɓe, rediyo ya sanar da cewa Ciyaman ya sauya sheƙa zuwa wata jam'iyyar, shi da dukan magoya bayansa. Baba ya kira waya ta farko, a kashe. Ta biyu, a kashe. Ta uku aka ɗauka aka ce ba a san mai wannan suna ba. Ya sa babbar riga ya tafi ofis, ya tarar an kulle da kwaɗo, an ma sake fentin ƙofar. Ya je gidan Ciyaman, mai gadi ya ce oga ya yi tafiya, bai bar saƙon wani ɗauri ba. Ya tafi ofishin zaɓe, aka ce masa lokacin sake kati ya wuce tun watan jiya. A can ma ya naɗe ƙafar wando, ma'aikaciyar ta ce Allah ya ƙara sauƙi, na baya ya matso.

Ranar zaɓe ta faɗo Asabar. Sakatariya ta sa rigar 'yan sa-kai ta tafi rumfar unguwa tun da sassafe, tana nuna wa tsofaffi layinsu, tana nemo wa mutane sunayensu a jikin bango. Lasifika ta zo ta dangwala, ta tsaya kusa da ita suka raba ruwa, ba wanda ya ta da tsohon zance. Wata tsohuwa da ta taimaka wa ta kama hannunta ta juya babban yatsan, ta ga ba tawada.

"Ke 'yar nan, kina ta tura mutane, ke ba ki yi ba?"

"Sai wani zaɓen, Kaka."

"Shekara huɗu fa ke nan."

"Na ƙirga."

Wannan ne zaɓen farko a rayuwarta, kuma tun tana aji shida take jiran sa. Ta juya ta ci gaba da duba sunaye, don kada tsohuwar ta ga idonta.

Da la'asar ta dawo ta tarar kowa a falo. Baba ya kira zaman gaggawa. Bai fita ba tun safe, shi da bai taɓa fashin zaɓe ba tun yana saurayi, yana zaune da jakar a cinya, ta lotse don ba komai a ciki. Ya miƙa mata littafin ba tare da ya kalle ta ba, ya ƙwanƙwasa cokali.

"Ƙuduri ɗaya ne yau. Majalisar nan ta yi tir da Ciyaman, maci amana, wanda ya hana mutum shida 'yancinsu. Ya karɓi abin da ba nasa ba, ya ce ajiya ce, ya yi ta yi mana gobe, jibi. Ina aka taɓa yin haka? Duk wanda ya goyi baya ya ɗaga hannu."

Ya ɗaga nasa, ya jira. Yaya yana kallon silin. Matarsa tana kallon Yaya. Gwaggo na jan carbi. Sakatariya ta riƙe biro, tana jiran Mama ta kalli fuskar mijinta kamar yadda ta saba, amma Mama tana duban babban yatsanta, tana shafa shi a hankali.

"Ba ku ji ba ne? Na ce a ɗaga hannu."

"Mun ji, Malam," in ji Mama. "Da wane hannun za mu ɗaga? Ai namu ka haɗa ka ɗaure da roba. Shi Ciyaman mako uku ya riƙe min nawa. Shekara ashirin da shidan fa, wa za mu yi tir da shi?"

Hannun Baba ya ɗan jima a sama shi kaɗai, sannan ya sauko a hankali ya kwanta kan jakar. Ko ƙafar wandon bai taɓa ba.

Sakatariya ta sunkuya kan littafin. Ta yi zaton za ta ji daɗi, sai ta ji tausayinsa ya kama ta, ga kuma haushin da bai tafi ko'ina ba. Ta rubuta kwanan wata, ta rubuta ƙudurin kalma da kalma yadda ya faɗe shi, sannan ta ɗago.

"Mai girma shugaba, nawa zan rubuta?"

Ta jira shi har Gwaggo ta kai ƙarshen carbi, sannan ta rubuta: ɗaya.